Ciwon Kwankwaso: Ba Kowanne Ne Sanyi Ba

Goggona ta zame ne da asuba a bakin makewayi, butar alwala a hannunta. Ba wata faɗuwa ce ta a zo a gani ba, santsin ruwan sabulu ne ya kwashe ta, ta faɗi a gefenta na hagu. A lokacin ta haura shekara 70, amma da ƙarfinta, don ita ke share tsakar gidanta, ita ke kaɗa miyarta.

"Kai ɗan nan, kama ni in tashi. Buguwa ce kawai," in ji ta.

Na kama ta, ta kasa taka ƙafar. Da muka shimfiɗe ta sai na lura ƙafar hagun ta ɗan fi ta dama gajarta, tafin kuma ya kwanta ya kalli waje, har ɗan ƙaramin yatsan yana taɓa tabarma. Na gani da idona, amma ban san abin da nake gani ba. Aka aika aka kira mai ɗori. Ya ja, ya murza, ya shafa man kaɗanya, ya ce gocewa ce kuma ya mayar. Goggo ta yi kwana 40 a kwance, har bayanta ya fara ɗayewa, kafin a yarda a kai ta a ɗauki hoto. Hoton ya nuna wuyan ƙashin cinya ne ya karye tun ranar farko. An yi mata aiki daga baya, ta kuma taka da sanda, amma ba ta sake riƙe tsintsiya ba.

Tun daga nan nake kasa kunne idan na ji wani ya ce ƙugunsa na ciwo. Ƙugu, kwankwaso, kwatangwalo, duk wanda ya zo baki shi ake faɗa, mutum ya dafa ko'ina daga ƙasan gadon baya zuwa saman cinya. Amsar da ake ba shi kuwa guda ce: sanyi ne. Tsohuwa sanyi, mai jego sanyi, ɗan acaɓa sanyi, yaron da ya fara ɗingishi ma sanyi. Alhali a ƙarƙashin wannan kalma akwai cututtukan da ba su haɗa komai da juna ba. Wani motsa jiki ne maganinsa, wani haƙuri na 'yan makonni, wani kuma idan aka kwana biyu ba a je asibiti ba, gaɓar ta tafi ke nan.

Ƙwallo a cikin ƙoƙo

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin ɗan Adam. A samansa yana da ɗan wuya da ya karkata ciki, a kan wuyan kuma akwai kai mulmulalle, kusan girman ƙwan kaza, wanda ke zaune daram cikin wani rami mai kama da ƙoƙo a ƙashin ƙugu. Duk wanda ya taɓa gwaguyar ƙashin akuya a miya ya san farin abin nan mai sulɓi da ke lulluɓe da kansa. Shi ne guringuntsi, kuma shi ke sa ƙwallon ya juya cikin ƙoƙon ba tare da gogayya ba. A duk takun da mutum ya yi, gaɓar nan tana ɗaukar nauyin da ya kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa. Jinin da ke ciyar da kan ƙashin kuwa ta wasu siraran jijiyoyi yake hawa, waɗanda suka bi ta jikin wuyan. Mai karatu ya riƙe wannan batu na jijiyoyi, domin rabin labarin a nan yake.

Abu na farko da likita ke so shi ne ka nuna masa wurin da yatsa. Ciwon ainihin gaɓar a gaba ake jin sa, a matsematsi, wajen da cinya ta haɗu da mara, wani lokaci ya gangara ta gaban cinya har gwiwa. Idan a gefe ne, a kan ƙashin nan da ke taɓa katifa idan an kwanta, har mutum ba ya iya kwanciya ta wannan ɓangaren, galibi jijiyoyin tsokar ɗuwawu ne suka gaji ko suka kumbura. Wannan ya fi kama mata masu shekara 40 zuwa 60, kuma atisaye da haƙuri kan kawar da shi. Idan kuwa daga baya ya taso, ya ratsa ɗuwawu, ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa yana tsirawa kamar wutar lantarki, ƙafa na yin sagewa, to kwankwason ba shi da laifi. Wata jijiya ce aka danne a ƙashin baya. Mai juna biyu ma takan ji ƙugunta kamar zai rabe, saboda jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan wurin suna saki don shirin haihuwa, kuma yawanci yakan lafa bayan ta sauka.

Ranar da zaman tahiya ya gagara

Mafi yawan ciwon da ke damun manya shi ne zaizayewar guringuntsi. A hankali yake zuwa, cikin shekaru. Mu da rayuwarmu ke ƙasa muna saurin gane shi fiye da masu zaman kujera: dattijo ya ga tanƙwashe ƙafa a kan tabarma ya fara yi masa wuya, tsuguno a makewayi ya zama aiki, zaman tahiya sai ya miƙe ƙafa ɗaya, ɗaga ƙafa ya hau babur sai an tallafa masa. Da safe gaɓar takan sandare na ɗan lokaci kafin ta warware, da yamma kuma bayan zirga-zirga ciwon ya dawo. Shekaru na kawo shi, ƙiba na kawo shi, gado na da hannu, haka aikin ƙarfi na shekara da shekaru irin na manomi da ɗan dako, da tsohon rauni da aka manta da shi.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, kuma duk mai tallar maganin da ya ce zai tsiro da shi neman kuɗinsa yake. Amma ana rayuwa da shi shekaru masu yawa cikin sauƙi idan aka bi hanya. Babban kuskure shi ne a kwanta. Gaɓar da aka daina motsawa ƙara sandarewa take, tsokokin da ke riƙe da ita su zube, ciwon ya ƙaru. Tafiya daidai gwargwado kowace rana, tuƙa keke, da atisayen ƙarfafa tsokar ɗuwawu da cinya wanda ma'aikatan sashen gashi na asibiti ke koyarwa, su ne ginshiƙin magani. Mai ƙiba idan ya rage kilo 5, ya tuna lissafin nan na ninki 2 zuwa 3 a kowane taku.

Sai sanda. Dattawanmu da yawa suna jin kunyarta, waɗanda suka riƙe kuma sukan riƙe ta a hannun da bai dace ba. Idan kwankwason dama ke ciwo, a hannun hagu ake riƙe sanda, a jefa ta tare da ƙafar daman. Haka ne take rage wa gaɓar nauyi. A samo kujerar makewayi mai tsayi, a ɗaga gado. Game da salla kuwa, malamai ba su yi saɓani ba cewa wanda tsayuwa ko sujada ta gagare shi yana da sauƙin yin ta a zaune. Ina ganin babu dalilin da tsoho zai riƙa cije leɓe sau biyar a rana saboda kada a gan shi a kan kujera a sahu.

Inda na fi jin tsoro shi ne kantin magani. Mutum ya je ya ce ƙugu, a ƙulla masa haɗi a leda: fara, ja, ruwan ɗorawa, babu suna babu kwali. A ciki sau da yawa akwai diklofenak, akwai ibufurofen ko firoksikam, dukkansu 'yan gida ɗaya ne, ga kuma deksametason a kai. Ciwo zai lafa kuwa, har a yaba wa mai kanti. Amma magungunan nan idan aka daɗe ana sha, balle a haɗa biyu ko uku a lokaci guda, suna huda ciki, suna tayar da hawan jini, suna lalata ƙoda. Suna da amfaninsu idan likita ya ba da guda ɗaya, na 'yan kwanaki, bayan ya san lafiyar cikin mutum da ƙodarsa. Na shafawa ya fi sauƙin illa, farasitamol ma yana ɗan taimakawa. Tiramadol kuwa, mun ga abin da ya yi wa matasanmu.

Ƙashin da jini ya daina kai masa

Yanzu mu koma ga siraran jijiyoyin nan. Idan suka toshe, kan ƙashin cinya yakan mutu a cikin mutum yana raye. Da farko siffarsa ba ta canzawa, ciwo ne kawai a matsematsi. Bayan watanni ko 'yan shekaru sai ƙashin da ya mutu ya rufta a ƙarƙashin nauyin jiki, ƙwallon ya lotsa kamar gwangwanin da aka taka, ƙafa ta gajarce, ɗingishi ya zauna.

A ƙasashen Turai wannan ba shi ne kan gaba ba. A wurinmu kuwa babban al'amari ne, saboda sikila, wato amosanin jini. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu amosanin jini. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar a kowace shekara a ƙasar, kuma kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da ƙwayar gadonta. Ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje su cushe ƙananan hanyoyin jini, kan ƙashin cinya kuma yana cikin wuraren da suka fi shan wahala. Shi ya sa za ka ga saurayi ko budurwa 'yar shekara 20 tana tafiya irin ta tsofaffi. Kuma sau da yawa idan ya kama gefe ɗaya, ɗayan ma yana hanya.

Abin da ke ɓata lokaci a nan shi ne sabo. Gidan da ke da mai sikila sun saba da ciwon ƙashi, yakan taso ya gigita yaro kwana uku ko biyar ya tafi. Don haka idan ya ce matsematsinsa na ciwo, sai a ce rikicin ne ya motsa. Bambancin shi ne wannan ba ya tafiya. Yana nan a wuri guda, yana ƙaruwa idan an taka, yana hana buɗe ƙafa. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito lafiya ƙalau a farkon lamarin, sai na'urar MRI ce ke ganinsa da wuri. Idan aka kama shi kafin ƙwallon ya lotsa, akwai abin yi: a rage wa ƙafar nauyi da sandunan dogarawa, a shiga atisaye a hannun ƙwararru, wani lokaci a yi ƙaramin aikin huda ƙashin don a rage matsin da ke cikinsa. Idan ya riga ya rufta, sai dai canjin gaɓa. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin rukunin jini na gado. Wannan zai taimaki 'ya'yan da ba a haifa ba. Waɗanda ke hannunmu yau kuwa, kulawar da suke buƙata ita ce a daina ɗaukar kowane ciwonsu a matsayin na jiya.

Akwai kuma mutuwar ƙashin da mutum ke saye da kuɗinsa. Maganin ƙiba da 'yan mata da amare ke sha, wanda ake kira sha-ka-fashe, galibi akwai deksametason ko firednisolon a cikinsa. Magunguna ne masu ceton rai a hannun likita, ga mai asma ko wasu cututtukan ƙoda. Amma shan su da yawa na tsawon lokaci yana cikin manyan abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya a duk duniya, shi da yawan shan giya. Kumatu su cika, fuska ta yi zagaye, dangi su ce hutu ya karɓe ta, alhali ƙashi na rubewa a ciki, ga sukari da hawan jini na biye. Garin neman ƙiba a samo rama, in ji Hausawa, sai dai wannan ramar ba ta tsaya a tsoka ba. Ina roƙon iyaye mata da masu gyaran amare su ji tsoron Allah a kan yaran nan.

Yaro ba ya ɗingishi a banza

Yaron da ya kwana da zazzaɓi ya tashi ya ƙi taka ƙafa, yana ihu idan aka motsa cinyarsa, asibiti za a nufa da shi a ranar. Wani lokaci kumburi ne mai wucewa da ke biyo bayan mura. Wani lokaci kuma ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar ta tara mugunya, wadda ke iya narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki idan ba a buɗe an wanke ba. A gida ba a iya bambance su. Tarin fuka ma ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba. Bayan ƙashin baya, kwankwaso na cikin wuraren da ya fi kamawa, yana tafe a hankali da rama da zufan dare, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Akwai wata cuta da ke katse jinin kan ƙashin cinya ga yara 'yan shekara 4 zuwa 10, ta fi kama maza. Akwai wata kuma ta masu tasowa, musamman masu jiki, inda kan ƙashin ke zamewa daga wuyansa a wajen da yake girma. Su biyun sukan yi yaudara iri ɗaya: yaro ya riƙa kukan gwiwa, a yi ta gasa gwiwar ana shafa mata mai, alhali lafiyarta ƙalau. Duk yaron da ke ɗingishi yana nuna gwiwa, a duba kwankwasonsa.

A nan dole in yaba wa goyo. Jaririn da aka goya, cinyoyinsa a buɗe sun rungumi bayan uwa, yana zaune ne a yanayin da ya fi dacewa da ginuwar ƙoƙon kwankwasonsa. Gocewar kwankwason jarirai ta fi yawa a al'ummomin da ke naɗe jariri tam da ƙafafu a miƙe a haɗe, ta kuma yi ƙaranci a inda ake goyo. Zanen goyon kakanninmu ya riga likitoci sanin wannan. Abin da zan yi gargaɗi a kansa shi ne allurar ɗuwawu a hannun wanda bai ƙware ba. Babbar jijiyar ƙafa ta nan ta ratsa, kuma yara da dama sun tashi da jan ƙafa saboda allurar zazzaɓi da aka soka a inda bai kamata ba.

Abin da kara ba ya ɗaurewa

Ba na cikin masu zagin masu ɗori. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma a ƙauyuka da yawa su ne kaɗai ake da su. Amma kwankwaso ya fi ƙarfinsu, kuma na kirkin cikinsu sun san haka. Gaɓa ce da ke binne cikin tsoka mai kauri, babu inda za a jera kara a ɗaure. Karayar wuyan ƙashin cinya kuma takan tsinka jijiyoyin jinin nan, don haka ko shekara aka yi a kwance ba lalle ta haɗe ba. Ja da murzawa ƙara tsinka su suke yi.

Tsofaffi, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, ƙashinsu kan yi rauni ya zama kamar soso, har 'yar faɗuwa irin ta goggo ta karya shi. Abin da ke kashe su kuwa kwanciyar ce: gyambon baya, ciwon huhu, gudan jini a jijiyar ƙafa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna aƙalla 1 cikin 5 na tsofaffin da suka yi irin wannan karayar ba sa cika shekara a raye. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ƙashi ita ce a yi aiki cikin kwana 1 ko 2, a tayar da mutum ya fara takawa tun washegari. Maganar da muke yi cewa ta tsufa, ba za ta jure aiki ba, sau da yawa ita ce ke jawo abin da ake gudu. Haka nan wanda ya yi haɗarin mota ko babur ƙwallon ya fita daga ƙoƙonsa, cikin sa'o'i 6 ake so a mayar da shi a asibiti, in ba haka ba kan ƙashin na iya mutuwa daga baya.

Idan gaɓa ta lalace gaba ɗaya, ciwo ya hana barci, magani da atisaye sun gaza, akwai aikin canjin kwankwaso. Wani likita ɗan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita shi a asibitin Wrightington a 1962: a yanke kan ƙashin da ya lalace, a dasa ƙwallon ƙarfe mai ƙota a cikin ƙashin cinya, a sa ƙoƙon roba mai tauri a ƙugu. Yana cikin ayyukan tiyata da suka fi samun nasara, kuma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 6 cikin 10 na irin waɗannan gaɓoɓin suna kai shekara 25 suna aiki. Ba sai an je Indiya ko Masar ba. Ana yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Enugu, da manyan asibitocin koyarwa. Matsalar kuɗi ce. Aikin na cin miliyoyin naira, domin daga waje ake shigo da ƙarafan, kuma mai sikila ɗan shekara 25 da aka yi wa zai iya buƙatar a sake masa nan gaba. Gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni da ke neman inda za su sa zakka da sadaka, ga wuri nan: matasa ne da aiki guda zai mayar da su makaranta da kasuwa.

Kai kuma mai karatu, yau ka leƙa makewayin mahaifiyarka. Ka kankare gansakukar, ka sa fitila, ka kafa mata ƙarfen da za ta riƙa kamawa. Idan kuma tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kada a ja, kada a murza, a ɗauke shi a kan shimfiɗa a je a yi hoto a ranar.